Shinkafar Gyado a Gidan Inna Kulu

Babbar motar da ta sauke ni a Yelwa ta ƙasar Yawuri ɗaukar albasa ta zo yi, ni kuwa aka ɗora ni a baya bisa tulin buhunan wofi. Na sauko ƙugu a riƙe, ina warin albasar bara, na ɗaga ido sai ga ruwa. Ni mutumin Mirriya ne, can ƙasar Damagaram, inda in tabki ya kai wa mutum ƙugu sai a yi ta labarinsa har rani. Wannan kuwa ruwa ne da jirage a kansa, da mutane suna ta harkarsu ko a jikinsu. Na ce a raina, Mutari, wa ya aike ka?

Wanda ya aike ni ɗin malamina ne na jami'a, a nan Najeriya, inda gwamnatinmu ta turo ni karatun aikin gona. Lokacin Yawuri tana cikin Jihar Sakkwato. Aikin kuwa ga shi: shinkafar da ake nomawa tana da 'yan'uwa a daji, masu fitowa da kansu cikin fadamu ba wanda ya shuka su. Kowace fadama da irin jinin tata. Ta wannan gungu, wato tsibiri, tana iya jure ambaliya, ta wancan tana iya jure cuta, a ido kuwa ka rantse duk ɗaya ne. Ni zan bi gaɓar tafkin Kainji in tattaro iri fadama-fadama, kowanne a 'yar jakarsa ta ƙyalle, in kai a shuka a gwada bambancinsu. Abu biyu malam ya yi ta maimaita mini har na gaji da ji: kada su gauraya, kada su mutu.

Kuma kaka ɗaya ce gare ni. Shinkafar nan ba ta jiran kowa, da ta nuna iska kaɗai ta isa ta zubar da ita cikin ruwa. Tallafin karatuna kuma ƙarshen shekara yake yankewa. In na koma hannu wofi babu digiri, sai dai in naɗe tabarmata in koma gida.

Wani mai sayar da busasshen kifi ne ya ji tausayina ya kai ni gidan Inna Kulu. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, sana'arta gumi: ta jiƙa shinkafa, ta turara, ta shanya, ta casa, ta kai kasuwa. Na same ta tana bakace a tsakar gida.

Ta ce, "Kai ɗan ina na?"

Na ce, "Damagaram, Inna."

"Faransa ke nan."

Tun daga ranar unguwa kaf ta koma kirana Bafaranshe, ni da ko Yamai sau ɗaya na taɓa zuwa. Ita dai ɗana take ce mini. Ta tambayi abin da ya kawo ni, na ce shinkafar daji na zo nema.

Faifan ya tsaya a hannunta. "Shinkafar gyado?"

Haka suke kiranta a can, don abincin gyado ce, wato aladen daji. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta daɗe a kan wuyana, wanda dama Allah bai ba shi nama ba. Sannan ta ce, "An yi ruwa wajenku bana?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Innarka na da rai?"

"Tana nan, da ƙannena mata biyu."

"Allah shi kyauta."

Na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan, jini da gado da gwaji, har da zana mata fadamu a ƙasa da tsinke. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Na ji, ɗana. Karatu na." Ta tashi ta ƙaro mini malmalar tuwo. Ni sakarai sai na ji daɗi, na ce lallai na iya koyarwa.

Gaskiya ne a shekarun nan fari ya matsa wa ƙasarmu. Ina ganin mutanenmu a tashar Yelwa da tabarmi da ƙwarya da yara, sai in sunkuyar da kai in wuce. Amma duk wanda ya zo daga gida saƙon Iya ɗaya ne: lafiya lau muke, ka yi karatunka.

Tunda ban san ruwa ba, dole na nemi mai kwalekwale. Aka haɗa ni da wani Na'Allah. Sunan dai ya yi kyau. Mutum ne mai fara'a, haƙoransa jajur da goro, bai taɓa ce mini a'a ba. Na gaya masa ina son wurare masu nisa da juna, don in sun yi kusa jininsu ɗaya ne, aikin banza ke nan.

Ya ce, "Bafaranshe, kwantar da hankalinka. Ruwan ga tafin hannuna na."

Fita ta farko ya kai ni wani gungu. Na shiga laka har cinya, ina karkaɗa zangarniya cikin jaka. Shinkafar nan tana da dogon gashi mai tsini, in ya shiga riga sai ka ji kamar ka tuɓe a gaban jama'a. Ina cikin haka laka ta riƙe mini takalmi ɗaya, na laluba na rasa, na dawo gida da ƙafa ɗaya a waje yara suna bina. Fita ta biyu muka bi wata hanya cikin ciyayi, muka yi ta kewaye har rana ta take, ya sauke ni a wani gungun ya faɗa mini sunansa. Fita ta uku ta fi duka nisa, har sai da ya ce hannunsa ya gaji, a duba masa. Na duba masa. Na shiga laka, na fara karkaɗa, ƙafata ta taki wani abu. Na sa hannu na zaro. Takalmina ne.

Na ɗaga shi sama, laka na zuba. "Na'Allah, mene ne wannan?"

Ya leƙo daga cikin jirgi, ya ce, "Ikon Allah. Ruwa ya kawo maka abinka."

"Ruwa ya kawo shi, ya binne shi cikin laka har gwiwa, kusa da ciyawar da na tattake da ƙafata?"

"To, Bafaranshe, shinkafar dai ba ita ce ba? Ta nan da ta can duk gyado ka cin su."

Gungu ɗaya ya yi ta kai ni ta ƙofa uku. Wallahi da na iya iyo da a ruwa zan dawo, don kada in sake zama jirgi ɗaya da shi. Amma ban iya ba, haka na zauna ina kallon ƙeyarsa, yana tuƙi yana waƙa. Na dawo na juye jaka uku cikin ɗaya, kwanakin da na ɓata kuwa ba mai juyo mini su.

Daga nan na nufi Shanga, rabi a mota rabi a ƙasa. Can na sami wata fadama da ta faranta mini rai, shinkafa ta yi jajur da gashi, ta nuna daidai. Yamma ta yi, kuma da safe da raɓa aka fi samunta ba ta zube ba, sai na ce bari in kwana a ƙauye in yi sammako. Da na dawo da safe babu shinkafa, sai sawun kofato da kashin shanu yana tururi. Garke guda ya bi ta kai.

Mai shanun wani dattijon Bafulatani ne, yana tsaye da sanda a kafaɗa. Na fara faɗa, Hausa na fita, Faransanci na fita, har ban san me nake cewa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, ciyawa ce fa."

Na zauna a ƙasa, idona ya cika. Ban san kukan shinkafa nake shirin yi ba ko na gida. A lokacin babu abin da nake so irin in ji muryar Iya tana faɗan an bar mata akuya ta shiga ɗaki. Dattijon ya dube ni, ya kira matarsa ta kawo nono cikin ƙwarya, ya tsaya sai da na shanye. Sannan ya ce in biyo shi. Muka yi tafiya mai tsawo cikin rana, ya bar shanunsa da 'yan'uwansa, har ya kai ni wata fadama a bayan tudu, cike da abin da nake nema.

Ya ce, "Nan ba ma kawo shanu. Matsattsaku sun yi yawa."

Ni da ban kai darajar saniya ba na shiga. Na fito da jaka cike da ƙafafu suna jini, shi ya zauna yana cire mini su da garin taba. Na ba shi abin goro ya ƙi karɓa. Ko sunansa ban riƙe ba, amma har gobe ina sa shi a addu'a.

Haka na yi ta yi, in fita kwanaki in dawo Yelwa in rataye jakunkuna a igiya cikin ɗakina su sha iska, kowace da sunan wurinta ɗaure a wuya. Inna Kulu takan leƙo ta dubi igiyar, ta taɓa jaka ɗaya ta ji nauyinta, ta girgiza kai.

"Duk wahalar ga, ɗan wannan ka samu?"

"Ya isa, Inna. Ba yawa ake so ba."

"Uhm. Ya isa." Sai ta tafi ta ƙaro kifi a miyata.

Zango na ƙarshe Wara ne, ƙasar Ngaski. Na bi jirgin 'yan kasuwa, mata suna ta yi mini dariya don na rungume buhun wani na ƙi saki. Kafin in isa labarina ya riga ni: ga wani Bafaranshe yana sayen ciyawa. Kowa ya zo da tasa. Wani ya kawo mini jar shinkafar gonarsa yana rantsuwa da kabarin ubansa a daji ya samo ta. Wata ta kawo mini buntu zalla. Na yi ta bayani har muryata ta dushe, ƙarshe na koma cewa na gode kawai.

Amma a Wara na sami abin da ya biya ni duk wahalata. A gefen wani gungu, cikin ruwan da ya kai mini ƙirji, ga shinkafar gyado tsaye ta fi ni tsawo, ganyenta kore shar, alhali gonakin da ke kusa duk cuta ta ƙone musu ganye. Na tsaya cikin ruwan ina rawar sanyi ina dariya ni kaɗai. Na ce wannan in malam ya gani sai ya miƙe tsaye. Na cika jaka, na ɗaure ta da ƙulli biyu, na sa ta cikin riga a ƙirjina har Yelwa.

Tun a jirgi zazzaɓi ya kama ni. Na dai iya rataye jakar a igiya, na faɗi bisa tabarma. Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda suka wuce ba. Na san Inna Kulu ta yi mini sirace da ganyen dogonyaro, ta ɗura mini kunu da ludayi, ta kira mai allura. Ina jin ƙarar taɓarya da ƙamshin shinkafar da ake turarawa, ban kawo komai a raina ba, don kullum haka gidan yake.

Ranar da na iya tashi zaune, na ɗaga kai na dubi igiya. Babu komai a kanta. A gefen tabarmata kuwa ga jakunkunana, an wanke su fes, an ninke, an jera. Har takardun sunayen an kwance an tara mini wuri ɗaya, an ɗora dutse kada iska ta kwashe.

Na fita ina dafa bango. Inna Kulu tana zaune a tsakar gida tana ɗinke bakin wani buhu da basilla.

"Inna, ina shinkafata?"

Ta buga buhun da tafin hannu, fuskarta cike da murna. "Ga ta nan. Na ga ciwo ya kashe maka jiki, na ce yaron ga ba shi iya gyara ta kafin tafiya. Mun haɗe ta, mun turara, mun casa. Duka abin da ka tara bai cika ƙwarya biyu ba, sai na cika maka da tawa."

An gauraya. An kashe. Abu biyun nan da aka ce kada su faru, ta yi su lokaci ɗaya, har da gayyar maƙwabta. Ta Shanga da na ba matsattsaku jinina, da ta Wara da na ɗauko a ƙirji, duk suna cikin buhu ɗaya, dafaffu. Na zauna bisa turmi.

Na ce, "Inna, kin kashe ni."

"Ni da na tashe ka?"

"Na gaya miki karatu ne. Na gaya miki, har zane na yi miki a ƙasa. Iri ne, shukawa za a yi. Yanzu ko an shuka ta shekara goma ba za ta tsiro ba."

Ta ajiye basilla. Ba ta yi fushi ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Ta ce, "Ɗana, bari in gaya maka. Shekarar da ruwan dam ya ci gungunmu aka tashe mu, kafin sabuwar gona ta ba da wani abu, da shinkafar gyado na riƙe 'ya'yana. Da asuba nike fita da ƙwarya, in an tambaye ni in ce ciyawar awaki za ni yanka. Ba mai tara ta shi ce yunwa ta sa shi. Ni na ce awaki, kai ka ce karatu. Ban ga laifinka ba."

"Inna, wallahi tallahi karatu ne."

"Na ji. Kai wa innarka, ka ce ina gaishe ta. Ɗanya ka so kai mata, ƙwari su cinye a hanya?"

Na buɗe baki zan faɗi maganar da ba a faɗa wa babba, sai na ga hannuwanta. Sun kumbura, duk sun yi ja, gashin shinkafar nan ya farfasa mata su har tsintsiyar hannu. Na haɗiye maganar. Na zagaya bayan gida na sami tulin buntu na shiga tonawa kamar kaza, ko Allah zai sa in tsinci ƙwaya mai rai. Kajin gaske sun riga ni. Ko da ma na samu, wa zai gaya mini ta wace fadama ce?

Don tsabar ruɗewa har wajen Na'Allah na koma. Ya kai ni gungun takalmina, muka tarar zangarniya tsaye fayau, ta zubar da komai cikin ruwa. Kaka ta wuce. Ya dube ni da tausayi ya ce ya san wani gungun can gaba, in zan duba masa. Ban amsa ba, don in na amsa ɗayanmu ba zai koma gida a bushe ba.

Ranar tafiya na yi niyyar in manta buhun da gangan. Inna Kulu ta sa aka ɗauko shi har tasha, ta tsaya sai da aka ɗora, ta riƙe hannuna ta ce amana ce, hannun innata za ni sa shi. Na yi mata godiya, haƙorana a cije. Ta yi hawaye, ta ce Allah shi kawo ruwa ƙasarmu.

Malam ya saurare ni har na gama. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"An dafa?"

"An dafa, an casa, ranka ya daɗe."

Ya yi iya ƙoƙarinsa, ban ɗora masa laifi ba, amma ba a ƙara mini wa'adi ba. Ya ce in zan iya riƙe kaina in sake fita baɗi. Da me? Daga baya na ji an ce gefen gungun nan na Wara ya zama gona. Abin da ke cikin jinin shinkafar nan mai tsayuwa cikin zurfi, ba wanda ya sani, kuma ba za a sani ba. In na tuna har yanzu sai na yi tsaki, jikokina su ce Baba ya fara.

Haka na kamo hanyar gida, babu digiri, sai buhu. Kowace tasha sai an yi rigima a kansa, a kan iyaka aka soke shi da ƙarfe ana neman abin da ban sani ba. Na zage shi a zuci ya fi a ƙirga. Duk hanya ina shirya yadda zan gaya wa Iya an sallame ni.

Na shiga Mirriya da la'asar. Gidanmu shiru, babu akuya ko ɗaya. Rumbu a buɗe, ba a ma damu da rufe shi ba. Ƙannena suka fito da gudu, na rungume su na ji ƙashi. A bakin murhu ga tukunya an jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ba a ci sai abu ya kai maƙura. Iya ta fito tana gyara ɗankwali, tana cewa lafiya lau suke, me ya dawo da ni ba lokacin hutu ba.

Na kwance bakin buhun. Ta sa hannu ta ɗebo, fara da ja a gauraye, ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta ce wa babbar ƙanwata ta zubar da ruwan anzar nan ta ɗauraye tukunya.

Muka ci da ɗan gishiri da barkono. Ina kallon yaran suna sa hannu, ina gane jajayen ƙwayoyin, ina cewa ko wannan ta Shanga ce, ko ta Wara. Ƙaramar ta cinye ta suɗe kwano. Iya ta wanke hannu, ta jingina da bango, ta dube ni.

Ta ce, "Mutari, ashe karatun nan naka yana da amfani."

Maganar da na shirya tun daga iyaka tana bakina. Na dubi buhun, har yanzu kusan cike yake.

Na ce, "Yana da shi, Iya."